'YAN RAKIYAR DA BA A SAN DANGINSU BA

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, bashin bayani na zo biya. Masu sayen littattafaina ta intanet ba za su manta da kwana ukun da shafina ya yi a rufe a watan Oktoban 2025 ba, daidai lokacin da labari ya ɗauko daɗi. Na sha ƙorafi har da baƙar magana, wata ma cewa ta yi na cinye musu kuɗi na gudu. Ban tanka ba, domin ni kaina a lokacin ban gama gane kan zancen ba.

Autanmu ne ya haɗa min shafin. Ni iyakata sakandare, abin da na sani shi ne in rubuta, a buga, a kai kasuwa. Da cinikin littafi ya ja baya sai ya ce, "Yaya, kawo in buɗe miki shago a cikin waya." Sana'arsa ke nan, haɗa manhaja.

Ranar nan bayan isha'i sai ga shi da kwamfutarsa a hammata, fuska ba walwala. Ko tuwon da na zuba masa bai kalla ba ya ce, "Yaya, zan rufe shafinki na 'yan kwanaki."

Na ce, "Auta, kanka ɗaya kuwa? Gobe fa zan saki babi na ashirin."

Sai ya juyo min da kwamfutar ya nuna min wani baƙin allo mai rubutu kala-kala. Ya ce wannan ita ce VS Code, kamfanin Microsoft ya fito da ita a 2015, a cikinta mafi yawansu suke rubuta manhaja. Ita kaɗai ba ta isarsu, sai sun ƙara mata wasu ƙananan manhajoji da suke kira ekstenshan, wata ta gyara kuskure, wata ta canza launi, kamar dai yadda tela yake sauya wa keke ƙafa in zai yi aiki na daban. Kowa yana iya haɗa tasa ya kai kasuwar intanet, kowa yana iya saukewa kyauta. Matsalar ita ce duk wadda ka sauke, ikon da kake da shi a kwamfutarka ita ma tana da shi: ta buɗe fayil, ta karanta, ta aika waje, ba mai tambayarta.

Na ce, "Ashe 'yan rakiyar amarya ne." Kun san yadda ake yi, mota ta tsaya, mata su ɗuru har ƙuryar ɗaki, dangin ango su ɗauka na amarya ne, dangin amarya su ɗauka na ango ne. Sai da safe a nemi sarƙa a rasa.

Ya ce haka ne. A cikin watan ne wani kamfanin tsaro mai suna Koi Security ya gano wata cuta da suka raɗa wa GlassWorm, wato tsutsar gilashi, a cikin wasu 'yan rakiyar da ke kasuwar Open VSX. An rubuta ta da haruffan da ido ba ya gani, ka duba wurin ka ga fili fetal, amma kwamfuta tana karantawa tana aikatawa. Tana sace makullan mai haɗa manhaja, ta yi amfani da su ta shiga kayansa, daga nan ta kama na gaba. Ga shi waɗannan abubuwa da kansu suke sabunta kansu, wadda ka sauke lafiya lau bara tana iya wayar gari da cuta ba ka taɓa komai ba.

Na ce to ai sai mutum ya riƙa zaɓar sanannu. Ya yi murmushi ya ba ni labari biyu. A 2024 wasu masu bincike uku a Isra'ila suka kwaikwayi wata sananniya mai suna Dracula, wadda mutane sama da miliyan 7 suka sauke, suka juya haruffa biyu ta koma Darcula, suka cusa mata abin leƙen asiri don gwaji. Kamfanoni da hukumomi sama da 100 suka sauke ta. A 2025 kuma kamfanin Kaspersky ya ba da labarin wani ɗan Rasha mai haɗa manhaja da aka kwashe wa kuɗin kirifto na kusan dala 500,000, saboda ya sauke ta jabu a manhajar Cursor. Ɓarayin sun kumbura adadin masu saukewa, har tasu ta hau saman ta gaskiya a wajen nema. Da aka cire ta suka dawo da wata, suka kwaikwayi sunan mai ta asali, suka sa babban I a gurbin ƙaramin l.

Nan jikina ya yi sanyi, domin wannan na san shi. Mu marubuta mun sha ganin an ɗauko bango irin naka, an sa suna mai kama da naka, mai saye yana sauri ya biya ya tafi. Kama da wane ba ta wane.

Auta ya ƙirga nasa a gabana, guda 43, waɗanda yake aiki da su ba su kai goma ba. Ya amsa da bakinsa cewa wasu don launinsu ya burge shi ya sauke, bai taɓa duba wanda ya yi su ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kwana uku ya yi yana gogewa, ya hana su sabunta kansu sai ya duba, ya canza duk makullan shafin. A ƙarshe babu ko ɗaya daga cikin nasa a jerin masu cutar.

Da na ji haka sai raina ya ɓaci, na ce, "Wato a banza ka ja min zagi?"

Ya ce, "Yaya, me ke cikin shafin nan?"

Na ce littattafaina mana.

Ya ce, "Da lambobin wayar masu karatunki, da rasit ɗin bankinsu, da saƙonnin da suke turo miki."

Na yi shiru. Na tuna matan da suke rubuto min sirrin gidajensu cikin dare, abin da ko iyayensu ba su faɗa wa ba, don kawai sun ga irinsa a labarina. Littafi in an sace zan rubuta wani. Waɗannan fa? Ni suka ba amana, ni na miƙa wa Auta, shi kuma ya jera ta a ɗaki ɗaya da baƙi 43 da bai san danginsu ba.

Don haka 'yan'uwana marubuta da masu sana'a a intanet, ba sai kun iya kwamfuta ba. Ku zaunar da mai kula muku da shafi ku tambaye shi su wa ya shigar, wa ya yi su, yaushe rabon da ya duba. Ni yanzu duk ƙarshen wata sai na tambaya, yana dariya yana nuna min.

Wadda ta ce na gudu da kuɗinta kuwa na yafe mata, har yau tana cikin masu fara biya. Mu haɗu mako mai zuwa a ci gaban labarinmu.

Taku har kullum.