Bishiyar Japan a zafin Fatakwal



Akwai wata bishiya da mutanen Japan ke kira momiji. Wani irinta rassansa sunkuyowa ƙasa suke yi kamar lema, ganyen ja, a tsattsage siri-siri. Wani abokin cinikin Baba ne ya ba ni ƙwaya ɗaya bara, yanzu kuma yana so mu zuba jari mu riƙa sayar wa masu kuɗin Fatakwal.

Ina bakin ƙoƙarina a kanta. Ranar safe kawai take sha, domin ta yamma ƙona mata bakin ganye take yi. Na huda gindin tukunyar, na cakuɗa ƙasar da yashi, saboda ruwan saman garin nan ya haura milimita 2,000 a shekara, saiwarta kuwa ruɓewa take yi idan ruwa ya kwanta.

Sai dai sanyi ba a sayen sa a kasuwa. A ƙasarsu takan zubar da ganye, ta yi makonni tana hutawa cikin sanyin da bai kai digiri 7 ba, sannan ta toho da ƙarfi. Mu nan ko da hunturu da wuya dare ya sauko ƙasa da 20. Idan ba ta samu hutun nan ba, ramewa take yi a hankali har ta mutu.

Shi ya sa na ce wa Baba kada mu shiga. Bahaushe a garin nan da amana yake cin abinci. Ka sayar wa mutum icen da ka san zai bushe, gobe cewa zai yi Hausawa sun cuce shi, ba ma sunanka zai kama ba.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.