Hoton ƙwaƙwalwa ya fito lafiya, amma ciwon yana nan

Akwai maganar da nake yawan ji daga 'yan uwan marasa lafiya idan sun zo karɓar magani: an ɗauki hoton kan ɗansu, likita ya ce bai ga komai ba, don haka wannan ba ciwon asibiti ba ne. Daga nan sai a ajiye magani, a ce sammu ne ko iska. Wannan magana tana damuna ƙwarai, domin bayan 'yan watanni mukan ga an dawo da mara lafiyar cikin hali mafi muni.

Cututtuka biyu ne aka fi yi wa wannan fassara. Na farko shi ne ciwon taɓin hankali da likitoci ke kira sikizofireniya. Mai shi yakan ji muryoyin da babu su, ya riƙa zargin ana bin sa, maganarsa ta rasa kan gado. Yakan fara ne daga ƙarshen samartaka. Na biyu shi ne ciwon damuwa mai tsanani, wato baƙin ciki da ya wuce mako biyu, tare da rashin barci, rashin sha'awar komai, wani lokaci har da tunanin mutuwa.

Gaskiya ne masana sun ga bambanci a hotunan ƙwaƙwalwa. A 1976, Eve Johnstone da abokan aikinta a Landan sun nuna cewa kogunan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa sun fi faɗi a masu sikizofireniya. A 2016 kuma, haɗakar masu bincike ta ENIGMA ta kwatanta hotunan MRI na dubban mutane. A masu sikizofireniya an ga sassa da dama sun ɗan ƙanƙance, ciki har da hifokamfus, wato sashen da ke taimaka mana tuna abubuwa, da talamus, mahaɗar saƙonnin ji da gani. A masu ciwon damuwa kuwa, hifokamfus ne kawai ya fito fili, raguwarsa ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, kuma an fi ganinta a waɗanda ciwon ya sha dawo musu. Wani nau'in hoto mai suna PET ya nuna cewa ƙwaƙwalwar mai sikizofireniya tana sarrafa sinadarin dofamin fiye da kima a wani sashe nata. Shi kuwa mai damuwa, sashen tsoro da fargaba ne yakan yi saurin motsawa idan aka nuna masa fuska mai baƙin ciki.

Sai dai ku lura, duk wannan matsakaicin lissafi ne na taron mutane. Kun san maza sun fi mata tsayi a jimlace, amma idan aka ba ku tsayin mutum ɗaya kawai, ba za ku iya rantsewa namiji ne ko mace ba. Haka hoton ƙwaƙwalwa yake. Akwai mai sikizofireniya da hotonsa yake daidai da na kowa, akwai kuma mai cikakkiyar lafiya da kogunan ruwansa suke da faɗi. Shi ya sa har yau babu asibitin da ke tantance waɗannan cututtuka da hoto kaɗai.

To me ya sa likita yake tura ku ɗaukar hoto? Yana so ne ya tabbatar babu ƙari, ko zubar jini, ko shanyewar wani sashe. Wannan yana da muhimmanci idan ciwon ya zo farat ɗaya ga dattijo, ko bayan buguwa a kai, ko tare da farfaɗiya, ko mutuwar ɓarin jiki. Idan ya ce babu komai, nufinsa babu waɗannan. Sauran aikin yana cikin labarin da za ku ba shi: yaushe abin ya fara, yaya barcinsa, me yake faɗa, ko yana shan wani abu. Ku tafi da wanda ya fi zama da shi, kuma kada ku ɓoye komai don kunya. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba a Legas, da Aro a Abeokuta, da Barnawa a Kaduna, duk suna wannan aiki.

A ɓangarenmu na magani, bambance cututtukan nan biyu wajibi ne. Magunguna irin su haloperidol da olanzapine suna rage tasirin dofamin, su ake ba mai sikizofireniya. Mai damuwa kuwa akan ba shi irin su fluoxetine ko amitriptyline, waɗanda sukan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma akan ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warke. Kada a ari maganin wani, kada a daina sha don an ga sauƙi. Idan jiki ya sandare, ko hannu yana rawa, ko ƙiba ta yi yawa, ku koma wurin likita ya gyara ko ya canza.

Addu'a ba ta hana shan magani, ku haɗa su biyun. Idan kuma mara lafiya ya fara maganar kashe kansa, kada ku jira ranar ganin likita, ku kai shi asibiti a ranar. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.