Tsarabar Tamale: Na Bi Sawun Man Kaɗe Daga Tukunya Zuwa Kwalba

A wannan watan tsarabar tafiya na kawo maku, ina fatan za ku gyara zama.

Biki ne ya kai ni Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Ghana. Dangin mahaifiyarmu ne a can, waɗanda kakanninsu suka bar Kano tun zamanin fataucin goro suka yi Gwanja, suka zauna a Salaga. Bayan yaƙin basasar da aka yi a Salaga a 1892 fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa, namu kuma daga bisani Allah Ya ajiye su a Tamale. Daga Akara muka shiga mota, muka bi ta Kumasi da Taciman da Kintamfo, muka haye kogin Bolta a Buipe da Yapei. Tafiya ce ta sama da kilomita 600, yini guda cur. Tun da muka wuce Kintamfo duhun kurmi ya fara yayewa, ƙasa ta buɗe, sai na ji kamar na dawo gida: ga jar ƙasa, ga hazon hunturu, ga itatuwan kaɗanya da ɗorawa tsaitsaye a cikin gonaki.

Tamale garin Dagwamba ne, Dagbani suke yi, amma a kasuwa da zango Hausa ba ta bar baƙo ya ɓace ba. Sai dai Hausar tasu ba ta cika damuwa da bambanta "ya zo" da "ta zo" ba, har sai da kunnena ya saba. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da suke kira wace, da dare kuma tuwon zafi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne mata a kan babura, uwa da hijabinta da goyonta tana tuƙi hankali kwance.

To amma akwai damuwar da na tafi da ita. 'Yata budurwa, wadda muka yi tafiyar tare, gashinta ya daɗe yana karyewa tun da ta sa rilaksa sau biyu kusa da kusa. Duk safiya sai ta cire dunƙule daga jikin mataji, har ta fara jin nauyin cire ɗankwali a gaban ƙawayenta. Mun kashe kuɗi ba kaɗan ba a kan kwandishina iri-iri, musamman wata babbar kwalba mai hoton kaɗanya a gabanta, wadda muka riƙa a jaka har can. Ranar kitson biki masaukiyata ta ga kan yarinyar, ta ɗauki kwalbar ta juya ta, ta ce gobe sai mu je mu ga inda ainihin abin yake fitowa.

Washegari muka nufi wajen Sagnarigu, inda ƙungiyoyin mata ke sarrafa man kaɗe. Tun daga nesa ƙaurin suyar ƙwara ya tarye mu. Shugabar matan, wadda suke kira magajiya kamar yadda muke faɗa a gida, ita ta zagaya da mu. Ta ce aikin tun farkon damina yake somawa, daga wajen watan Mayu zuwa Agusta, lokacin da 'ya'yan kaɗanya ke zubowa. Ba a kaɗo su, sai sun faɗo da kansu. Mata kan yi sammako su shiga daji tsinta, wani lokaci cikin ciyawa mai macizai. A cire naman, a dafa ƙwallon, a shanya, a fasa a fitar da ƙwarar. Ita ce ake ajiyewa a buhu ana aiki da ita har rani.

A gabanmu aka ɓarza ƙwarar, aka soya, aka kai inji ya markaɗa ta har ta zama kamar baƙin kunu mai kauri. Daga nan ne aikin ƙarfi ya fara. Mace ta sunkuya a kan babban baho tana bugun ƙullun da hannu, tana ƙara ruwa kaɗan-kaɗan, har farin kumfa ya taso sama. Na ce bari in gwada. Wallahi ban yi minti biyar ba kafaɗata ta sage, matan suka yi ta yi mini dariya. Kumfan nan shi ake kwashewa a wanke, a zuba a tukunya a dafa har ruwan ya ƙone, man ya taso. A tace, a bar shi ya huce ana juyawa, sai ya daskare. Kusan rabin nauyin ƙwarar mai ne, amma hannu ba ya iya fitar da shi duka.

Da yamma muna zaune a tsakar gida sai 'yar masaukiyata, wadda ta karanta haɗa magunguna, ta ce, "Anti, kawo kwalbar nan mu karanta bayanta, gaba ai talla ce." Ta nuna mini cewa ana jera kayan haɗin ne daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci, in ban da waɗanda ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Ga abin da na koya, na kuma rubuta don ku.

Na farko a jerin ruwa ne, shi ya fi komai yawa. Bayansa sai na ga Cetearyl Alcohol, gabana ya faɗi, na ce ashe giya muke shafawa? Ta ce in kwantar da hankalina. Shi wannan da 'yan uwansa Cetyl da Stearyl daskararru ne kamar kakin zuma, galibi daga man ja ko man kwakwa ake samo su, ba a sha, ba sa sa maye. Su ke sa kwandishina ta yi kauri, gashi ya yi laushi. Mai busar da gashi shi ne irin wanda ake rubuta Alcohol Denat, idan ya yi yawa.

Sai masu dogon suna, Behentrimonium Chloride ko Cetrimonium Chloride. Ta ce su ne ƙashin bayan kwandishina. Kowane silin gashi yana da ɓawo mai hawa-hawa kamar na kifi. Shamfu da rilaksa da zafin diraya sukan ɗaga ɓawon, sai gashi ya yi kaushi yana sarƙewa. Waɗannan sinadarai suna manne wa gashi kamar mayen ƙarfe, musamman inda ya lalace, su kwantar da ɓawon, mataji ya wuce ba gardama.

Akwai silikon, wanda aka fi rubutawa Dimethicone. Yana lulluɓe gashi ya ba shi santsi da sheƙi, sai dai yana taruwa idan ba a wankewa da shamfu sosai. Akwai gilisarin mai jawo laima, amma a hunturu da iska ba ta da laima ba ya wadatarwa shi kaɗai, sai an bi shi da mai. Shi ana samun sa daga tsiro ko daga kitsen dabba, don haka mai son tabbaci sai ta nemi wanda aka rubuta na tsiro ne ko mai tambarin halal. Panthenol dangin bitamin B5 ne, yana riƙe laima. Furotin irin su keratin yana cike gurbin da ya zaizaye a jikin sili na ɗan lokaci, in ya yi yawa kuma gashi ya ƙage. Citric Acid, tsamin da ke cikin lemo, shi ma yana taimaka wa ɓawon ya kwanta. Ragowar turare ne da maganin hana lalacewa.

To ina man kaɗen? A jikin kwalba sunansa Butyrospermum Parkii Butter, sunan da ke ɗauke da na Mungo Park, Baturen da ya ba da labarin itacen a littafin tafiyarsa na 1799. Muka yi ta bi da yatsa, sai can ƙasa muka same shi, bayan turare. Na tuna kuɗin da na biya, na tuna matar da na bari sunkuye a kan baho, sai jikina ya yi sanyi.

Amma yarinyar ba ta bar ni na zubar da kwalbar ba. Ta ce kowanne da aikinsa. Kwandishina ke warware gashi, man kaɗe kuma rufe laima yake yi kada ta gudu. Shi ya sa ake shafa shi a gashi mai danshi, ɗan kaɗan a murza a tafi ya narke, a bi da shi daga tsakiya zuwa baki. In aka lafta shi a busasshen kai sai dai ya kwashi ƙura. Ta kuma gaya wa 'yata gaskiya: babu man da zai ɗinke bakin gashin da ya tsage, sai almakashi. Gashi wajen santimita 1 yake ƙaruwa a wata, tsawo kuwa yana samuwa ne idan an rage karyewa.

Akwai wani abin da ya tsaya mini a rai. A hanyar dawowa na ga buhunan gawayi jere a bakin titi, aka ce mini gawayin kaɗanya na cikin waɗanda aka fi so. Itacen nan kuwa yakan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ya fara 'ya'ya, yana kuma iya rayuwa shekara 200. Wanda ya sare shi ya ci abincin jikokinsa ne. Mafi yawan kaɗanyar da ake fitarwa waje ma ba kai take zuwa ba, cakulan ake yi da ita, don tun 2000 Tarayyar Turai ta amince a sa irin wannan mai har kashi 5 cikin 100 a cakulan. Mu ma a Nijeriya Allah Ya hore mana itacen, musamman a jihohin Neja da Kwara da Kebbi, har a watan Agusta na 2025 gwamnati ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyar ƙwarar na wata 6 domin a riƙa sarrafa ta a gida.

Kafin mu taso na shiga kasuwar Aboabo na sayi man cikin ƙwarya, ban nemi ragi ba, don na ga abin da ya ci. 'Yata ta ajiye rilaksa, an rage bakin gashin, tana kitso marar ɗauri, duk wanki sai ta sa kwandishina ta bi da man kaɗe. Alhamdu lillahi, abin da ke fita a mataji ya ragu sosai, ko da yake da sauran tafiya.

Shawarata uwargida, in kin je saye ki juya kwalba ki duba sunaye biyar na farko, su ne abin da kika biya. In kuma kin ga mai tallar man kaɗe a ƙofar gida, ki saya da daraja. Allah Ya sa wa matan nan albarka a sana'arsu, Ya kuma kai mu wata mai zuwa lafiya.