Gaiwar fadamar Shinaka da ruwan da ya koma kanwa

Idan rani ya yi nisa a Shinaka, tafkunan da kogin Rima ya cika da damina sai su soma ja da baya, su bar farin ɓawo a bakin laka. Muna yara mukan lasa mu ji ɗanɗanon kanwa. Ruwan da ya rage yakan yi kore shar, ya yi santsi a hannu. A nan karfasa ke fara tasowa ciki sama, tarwaɗa kuwa tana leƙowa ta haɗiyi iska ta koma.

Kawuna masunci ne. Shi ya koya mini haƙon gaiwa a busasshiyar fadama: a nemi ɗan rami, a sara da fartanya a hankali, a ɗago curin laka. Ana fasawa sai ga ta a naɗe cikin busasshiyar yauƙinta, da rai. Na ce, "Kawu, me take ci a ciki?" Ya ce, "Jikinta take ci, ɗana, har ruwa ya dawo."

Gaskiya ya faɗa, kuma daga baya karatu ya nuna mini sauran zancen. Kifi idan ya narkar da nama, dattin da ke fitowa shi ne amoniya, guba ce, kuma ta jajayen kunnuwan nan da yake numfashi da su yake zubar da ita cikin ruwa. Ruwa in ya yi kanwa da yawa, amoniya ba ta fita yadda ya kamata, sai ta taru a jini. Wannan na cikin abin da ke kifar da karfasa, ban da ƙarancin iska. Ita gaiwa, da ba ta da ruwan zubarwa ma, hantarta ce ke mayar da amoniya yuriya, sinadarin nan dai da ke cikin takin da ake zuba wa shinkafa a Wurno. Tana tara ta a jiki wata da watanni, sai ruwan farko ya wanke.

Ba ita kaɗai ba ce. A tafkin Magadi na Kenya, inda ma'aunin kanwar ruwa, wato pH, ya kai 10, akwai wata 'yar karfasa da duk dattinta yuriya ne. Kifin tirawut na tafkin Piramid a Nebada ta Amurka, mai pH 9.4, shi wata hanya ya bi: yana rage amoniyar da jikinsa ke yi tun farko, ga yawan ƙwayoyin jan gishiri a kunnuwansa.

Tun da aka kammala madatsar Goronyo a 1984, ambaliya ta daina bin tsarinta na da, ƙannenmu da yawa kuma sun koma kiwon tarwaɗa a kankare da tamfol. Su ne matsalar kanwa da amoniya ta fi shafa. Ruwan kiwo in ya yi kore, da yammacin rana mai zafi kanwarsa ke tashi, amoniyar cikinsa ta ƙara dafi, mutum ya wayi gari da asara ya ce sammu ne. Ku riƙa sauya ruwa, ku rage abinci a kwanakin zafi, ku sayi takardar gwajin pH. Kuɗinta bai kai na buhun abincin kifi ɗaya ba.