Ma'aikacin Gidan Waya Da Dutsen Samaniya

Tsakanin duniyar Mirrihu da ta Mushtari akwai wani makeken fili inda duwatsu manya da ƙanana ke ta kewaya rana. Daga 1801 zuwa 1807 masanan taurari na Turai suka gano guda huɗu daga cikinsu, watau Ceres da Pallas da Juno da Vesta. Daga nan sai shiru. Shekaru suka yi ta shuɗewa ba a ga na biyar ba, har masana da yawa suka ɗauka iyakarsu ke nan, suka juya ga wasu al'amura.

To, a garin Driesen na ƙasar Farusiya, wanda a yau yake cikin Folan, akwai wani ma'aikacin gidan waya wai shi Karl Ludwig Hencke. Bai yi karatun taurari a jami'a ba, abin da ya mallaka shi ne ɗan madubin hangen nesa da taswirar taurari. A 1830 ya shiga nema. Aikin kuwa ba mai daɗi ba ne: kowane dare in gari ya yi garau, sai ya duba wani yanki na sama, ya gwada da taswirarsa, ko zai ga wani ɗigon haske da ba ya cikinta. Taurari ba sa barin mazauninsu a taswira, amma dutsen da ke kewaya rana yakan gusa daga dare zuwa dare.

Shekara goma sha biyar yana wannan hali, ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya yi masa alkawarin cewa akwai abin da za a samu. Ran 8 ga Disamba, 1845, ya hangi ɗigon nan. Masana a Balin suka bincika, suka tabbatar. Aka raɗa wa dutsen suna Astraea, Sarkin Farusiya kuma ya yanka wa Hencke fansho. A 1847 ya sake gano wani, Hebe.

Bayansa sai ƙofa ta buɗe, yau ga shi an san fiye da miliyan ɗaya. Ashe duwatsun suna nan tun fil azal, masu nema ne suka gaji. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Hencke dai a sama ya tsinci nasa.