Tarun da ke ƙirjin Kawu

Duk wanda ya taɓa kwana a gidanmu na Nasarawa ya san tarin Kawu kan riga ladan tashe mu. Tun kafin assalatu zai zauna bakin tabarma da gwangwaninsa, yana kakaro majina mai kauri, kore-kore, mai yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga masaƙun Kakuri kafin a rufe ta. Ya taɓa yin tarin fuka, ya sha maganin wata 6 ya warke, amma tarin bai bar shi ba. Sau uku ana gwada kakinsa ba a ga ƙwayar cutar ba, duk da haka har yau akwai maƙwabtan da ba sa shan ruwa da kofinsa.

Likitan da ya duba hoton huhunsa ya ce tsohon ciwon ya bar tabo: hanyoyin iska sun buɗe sun saki, majina na kwanciya a ciki. Sunan ciwon bironkiyektasis. Ni kuwa yauƙin nan ne ya tsaya mini a rai, har na shiga bin diddigi.

Fiye da rabin fararen ƙwayoyin jininmu wani jinsi ne da ake kira niyutirofil, su ne ke fara isa duk inda cuta ta shiga. An daɗe da sanin suna haɗiye ƙwayar cuta ko su watsa mata guba. A 2004 Volker Brinkmann da Arturo Zychlinsky, a Cibiyar Max Planck da ke Berlin, suka bayyana wata dabarar a mujallar Science. Ƙwayar kan warware zaren DNA ɗin da ke naɗe a cikinta, ta jefa shi waje kamar yadda masunci ke baza taru, zaren ɗauke da sinadarai masu narka duk abin da suka kama. Sau da yawa ranta take bayarwa wajen yin haka.

A huhu mai lafiya ana kwashe tarun bayan an gama yaƙi. A huhun Kawu yaƙin ba ya ƙarewa. Ƙwayoyin cuta na fakewa cikin majinar da ta kwanta, niyutirofil na ta kwararowa suna mutuwa, zare na taruwa kan zare. Shi ke ƙara wa majinar kauri da danƙo, korenta kuma daga wani sinadarin ƙwayoyin ne. Mafi muni shi ne ilastes da ke manne da zaren, wanda ke cin bangon hanyar iska, yana kashe kuzarin 'yan gashin da ke share ta. Hanyar ta ƙara saki, majina ta ƙara kwanciya. Binciken da James Chalmers da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee suka wallafa a 2021 ya nuna masu yawan wannan taru a kakinsu sun fi shan wuya, ciwon ya fi tasar musu.

Mai hankali zai ce, to a yanke zaren mana. An gwada. Maganin Pulmozyme, mai datsa DNA, yana taimakon masu wata cutar huhu ta gado, amma da aka gwada shi kan masu irin ciwon Kawu, sakamakon da aka fitar a 1998 ya nuna ciwo ya ƙara musu. Sai a 2025 Amurka ta amince da brensocatib, wanda ke dakushe makaman niyutirofil tun suna cikin ɓargo. Kuɗinsa ya fi ƙarfin gidanmu gaba ɗaya, balle tsohon da ke jiran abin da 'ya'ya za su aiko ƙarshen wata.

Abin da ke hannunmu muke yi. An ɗauke murhun itace daga bakin ɗakinsa. Safe da yamma yakan kwanta ta gefe, autan gidan na bubbuga masa baya da tafin hannu har majinar ta taso. Idan hazon hunturu ya sauko, ba ya leƙa titi sai ya rufe hanci da rawani.

Ranar da na yi masa wannan bayani ya yi shiru yana saurare, da yake da ƙuruciya ya bi masunta a Kogin Kaduna. Da na kai aya sai ya ce, "Ɗana, tarun da aka bari a ruwa ai ruɓewa yake yi. Wa zai janye nawa?" Na ce, "Kawu, kwanta tukuna," na kira auta.