Mariƙi Mai Kaushi

Mu da neman abinci ya kawo Texas mun tarar da wata sana'ar hannu da ba a yi mata shago. A gareji ake yin ta, bayan an taso daga aiki. Mutum zai kwance ƙaramar bindigarsa, ya cire duk ƙarafan da ke jikinta, ya bar gangar robar kawai. Sai ya jona ƙarfen nan da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi, ya jira ya yi zafi, ya shiga ɗiga wa mariƙin bakin ƙarfen, ɗigo bayan ɗigo, har wurin ya cika da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Aikin kan ci awoyi, ga warin ƙonanniyar roba da ke tilasta wa mutum buɗe ƙofa. Manufar ita ce mariƙin ya yi kaushi, kada ya zame idan hannu ya jiƙe da gumi. Duk wanda ya san zafin Houston a watan Agusta ba zai ce dalilin wasa ne ba.

Wannan sana'a ba za ta yiwu ba sai da bindigar roba ta samu. Kamfanin Heckler & Koch na Jamus ne ya fara fito da irinta a 1970, amma wadda ta cika duniya ita ce Glock 17, wadda sojojin Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980. Mai ita, Gaston Glock, bai gaji ƙera bindiga ba. Sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi kafin nan. Da ta shigo Amurka sai 'yan sanda suka rungume ta, saboda ba ta da nauyi, robar kuma ba ta tsatsa. Amma injin da ke zuba ta a maƙera bai san hannun kowa ba. Mai gajerun yatsu da mai faffaɗan tafi duk abu ɗaya ake miƙa musu. Kamfanin kansa ya gane haka: a 2010 ya ƙara wa mariƙin kaushi tare da ɓangarorin baya da ake sauyawa, a 2017 kuma ya share guraben yatsun da mutane da yawa ke kuka da su. Duk da haka masu gareji ba su ajiye ƙarfensu ba.

Abin bai zo mana baƙo ba. Mun taso muna ganin ana yi wa ƙwarya zane da ƙarfe mai zafi, muna ganin dukawa suna naɗe mariƙin takobi da fata. Mun kuma san ƙotar fartanya. Ita ba a yi mata komai. Damina bayan damina hannun mai ita ke cin ta, har ta yi sulɓi a inda ya kamata, ta lotsa a inda babban yatsa ke zama. Idan ka ɗauki fartanyar mahaifinka, hannunsa kake riƙewa. Roba ba ta da wannan haƙurin. Shekara ashirin za ka yi kana riƙe ta ba ta san ka ba. Shi ya sa mai ita ke neman ya yi da wuta a dare ɗaya abin da gumi ke yi wa itace a tsawon rayuwa.

Kuma aiki ne da ba a komawa baya. Robar da ta narke ta narke. Idan hannu ya yi nauyi, ƙarfen ya huda bangon da gidan harsashi ke shiga, an yi asarar gangar ke nan, kuma a dokar Amurka wannan gangar mai ɗauke da lamba ita ce bindigar kanta. Goge lambar ko ɓata ta babban laifi ne. Idan kaushin ya yi yawa, mai ɗaukar ta a ƙugu zai ga tana cin rigarsa tana gurje masa fata, sai ya koma yana lallashin ta da samfefa. Kuɗinta ma kan faɗi a kasuwa, domin ba kowa ke son sayen abin da aka yi wa hannun wani ba. Masu tsoron haka sukan manna tef mai yashi, wanda za a iya ɓarewa. Wanda ya zaɓi wuta kuwa ya riga ya yanke cewa wannan bindigar tasa ce har abada.

A nan ne hankalinmu ke rabuwa biyu. Muna girmama mai gyara kayan aikinsa, kuma bindigar da ba ta zamewa ta fi wadda ke zamewa aminci ga mai ita da wanda ke tsaye kusa da shi. Maƙwabtan da muka ga suna wannan aiki ba 'yan ta'adda ba ne. Akwai direban babbar mota, akwai ma'aikaciyar jinya mai dawowa gida ƙarfe biyun dare. Su ne masu kawo mana kwandon shara bakin ƙofa idan mun yi tafiya.

Sai dai kaushi bai san mai shi ba. Yadda yake kama tafin magidanci haka yake kama tafin yaro ɗan shekara shida da ya buɗe durowa yana neman batir. Haka kuma yake kama tafin magidancin kansa a daren da duniya ta yi masa ƙunci. A 2021 mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu da hannunsu suka yi. A 2020 harsashi ya wuce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa a ƙasar. A watan Satumban 2021 ɗin ne kuma Texas ta daina neman lasisi ga mafi yawan manya kafin su ɗauki ƙaramar bindiga a jikinsu. Dokar jihar ta haramta barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta, amma doka ba ta shiga ɗakin kwana ta duba durowa.

Mu kuma 'ya'yanmu a nan aka haife su. A waɗannan gidajen suke wasa, a nan ake gayyatar su kwana. Tarbiyyarmu ta hana mu tambayar mutum abin da ke cikin ɗakinsa. A gida wannan rashin kunya ne. Amma mun koyi haɗiye kunyar. Kafin yaro ya tafi, mukan gaisa da uban gidan, mu yaba masa aikin hannunsa idan ya nuna mana, domin sau da yawa ya cancanci yabo. Sannan mu tambaye shi a ina take kwana. Mutumin da ya ɓata dare guda yana ɗiga ramuka dubu don kada bindiga ta kuɓuce masa, ba ma jin nauyin tambayarsa ko ya sayi akwatin ƙarfe mai makulli, da kuma wanda ke riƙe da makullin.